Dusashe Bayan Hoto da Manhaja: Yadda Ake Kwaikwayon Gilashin Babbar Kyamara

Dusashe bayan hoto dabara ce ta gyaran hoto wadda ake barin mutum, ko dabba, ko hajar da aka ɗauka ta fito tangaran, sannan a sa duk abin da ke bayanta ya yi dishi-dishi. Asalin abin ba gyara ba ne. Ɗabi'a ce ta gilashin babbar kyamara, wanda ba ya iya saita na kusa da na nesa a lokaci guda. Da aka ga hakan yana ƙawata hoto, yana kuma jan ido kai tsaye zuwa fuska, sai masu ƙera manhajoji suka shiga neman hanyar kwaikwayonsa bayan an riga an ɗauki hoton. A yau da wuya a duba hotunan sallah ko na biki a wayar matashi a Moriki, ko Zurmi, ko Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ba a ci karo da irinsa ba. Mafi yawansu kuwa ba su taɓa ganin babbar kyamara ba: wayar Tecno ce, ko Infinix, ko kwamfutar shagon hoto ta ƙirƙiro dishi-dishin da lissafi. Wasu suna fitowa yadda sai gwani zai gane, wasu kuma ko yaro ya kalla ya san an taɓa su. Bambancin yana komawa ga abu ɗaya: ko mai gyaran ya bi ƙa'idar da gilashi ke bi, ko bai bi ba.

Abin da gilashi ke yi

Gilashin kyamara yana tattaro hasken da ya taso daga kowane ɗigo na abin da ke gabansa, ya mayar da shi ɗigo guda a kan faifan da ke karɓar haske, wato sensa. Amma a kan nisa ɗaya kawai yake iya yin haka daidai. Idan an saita shi a kan fuskar da ke mita 2 daga kyamara, duk abin da ya fi haka nisa ko kusa ba zai sauka a matsayin ɗigo ba, sai dai ya bazu ya zama ɗan da'ira. Da'irori dubbai da suka hau kan juna su ne ido ke gani a matsayin dishi-dishi. Idon mutum ma haka yake: wanda ya ɗaga yatsa kusa da fuskarsa ya ƙura masa ido, bangon da ke bayan yatsan zai dusashe, sai dai ƙwaƙwalwa ba ta cika bari a lura ba.

Girman da'irar ya dogara ne da faɗin kafar da haske ke shiga. Lambar da ake rubutawa a jikin gilashi, irin su f/1.8 ko f/8, ita ke nuna wannan: ana raba tsawon gilashin da lambar, sai a sami faɗin kafar. Gilashi mai milimita 85 da aka buɗe a f/1.8, wanda masu hoton biki ke ji da shi, kafarsa ta kai kusan milimita 47. Waya ma takan rubuta f/1.8, amma tsawon gilashinta na gaskiya bai wuce milimita 5 ko 6 ba, don haka kafarta ba ta wuce milimita 3 ba. Lamba ɗaya, amma faɗin ya bambanta da ninki kusan 15.

Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da ke fitowa daga nan, wadda ta fi kowace amfani ga mai gyaran hoto. Fitilar da ke can nesa a bayan mutum takan zama da'ira mai faɗin kafar gilashin, idan aka auna ta a jikin mutumin da aka ɗauka. Da babban gilashin can, da'irar za ta kai kusan sulusin faɗin fuska. Da waya kuwa, milimita 3 ne kacal, abin da ido ba zai ma lura da shi ba. Shi ya sa hoton waya ke fitowa da komai fes, tun daga hancin mutum har kan buhunan da ke jingine a bango da akuyar da ke wucewa. Ba rashin ingancin wayar ba ne. Jikinta ne ba shi da wurin ɗaukar babban gilashi.

Sannan dishi-dishin ba ya zuwa bai ɗaya. Idan mutum yana mita 2 daga kyamara, bangon da ke mita 1 a bayansa zai sami sulusin cikakken dusashewar ne kawai. Abin da ke mita 2 a bayansa zai sami rabi. Bishiyar dogon yaro da ke mita 8 a baya za ta sami kashi 4 cikin 5, daga nan kuma ƙarin da ake samu kaɗan ne, ko da an kai ƙarshen gari. Wato abin yana hawa da sauri a kusa, sannan ya lafa. A gaba ma haka ne, har ya fi sauri: ganyen da ya gitta a mita 1 daga kyamara zai dusashe daidai da dutsen da ke can ƙarshen gani. Duk wanda ya riƙe wannan lissafin ya riƙe rabin sana'ar.

Kafin zuwan kwamfuta

Damuwa da bayan hoto tsohuwa ce. A shekarar 1840 wani masanin lissafi a birnin Biyana, Joseph Petzval, ya tsara gilashi mai faɗin kafa musamman don ɗaukar hoton mutum. Burinsa shi ne a rage tsawon lokacin da mutum zai zauna ba motsi, dusashewar baya ta zo ne a matsayin gyara a kan ciniki, amma tun daga nan ido ya saba haɗa ta da hoton girma.

A Afirka ta Yamma wata hanyar aka fi bi. Maimakon a dusashe baya, sai a rufe shi da labule. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya shahara da rataya zani mai zane a bayan mutane, haka ma Malick Sidibé da ya biyo bayansa. A Gana, Philip Kwame Apagya ya yi suna da labulen da aka zana wa falo, da firiji cike da abinci, da jirgin sama. Shagunan hoto na garuruwan Hausa ma sun yi zamanin labule mai zanen lambu ko gidan bene, da kujera, da fulawar roba, a ɗauka a kai fim birni a wanko. Manufar ba ta sauya ba har yau: mutum yana son a gan shi cikin kwalliyarsa, ba tare da kwata ko tulin shara sun shiga hoton ba. Abin da ya sauya shi ne, yanzu labulen yana cikin waya.

Lissafin da manhaja ke yi

Hoton dijital tarin ƙananan ɗigogi ne masu launi, miliyan 12 ko fiye a wayoyin yau. Dusashe shi ba wani abu ba ne illa a ɗauki kowane ɗigo a gauraya launinsa da na maƙwabtansa. Iya yawan maƙwabtan da aka haɗa, iya ƙarfin dishi-dishin.

Hanya mafi daɗewa ita ce wadda ke ɗauke da sunan Gaussian Blur a cikin manhajoji, an kuma sa mata sunan ne saboda masanin lissafi na Jamus, Carl Friedrich Gauss, wanda ya rasu a 1855. Tana ba maƙwabci na kusa rinjaye, na nesa kuma tana rage masa a hankali har ya ɓace. Tana da sauri, tana nan a kusan kowace manhaja, daga Photoshop, wadda kamfanin Adobe ya fara fitarwa a 1990, har GIMP ta kyauta. Amma sakamakonta ya fi kama da hazo fiye da aikin gilashi. Gilashi yana baza haske ne daidai wa daida a cikin da'ira mai iyaka, wani lokaci ma mai kusurwa 6 ko 7 gwargwadon ƙarafunan da ke tsuke kafarsa. Shi ya sa hasken da ke ratsowa ta ganyen bishiya, ko ƙwayayen lantarki na wurin dina, ke zama ƙwallaye masu sheƙi a hoton gaske.

Akwai kuma matsalar haske. A hoton da waya ta ajiye, haske yana tsayawa ne tsakanin 0 da 255. Farar riga 255 ce, fitilar babur ma 255 ce, alhali a zahiri fitilar ta ninka rigar haske sau tari. Idan gilashi ya baza hasken fitila, yana da yawan da zai cika da'irar ya rage. Idan manhaja ta gauraya 255 da duhun da ke kewaye, sai a sami tabo mai ruwan toka. Don magance wannan ne Adobe ya ƙara umarnin Lens Blur a 2003, wanda ke zana da'ira irin ta gilashi, yake kuma barin mai gyara ya ce duk ɗigon da ya wuce haske kaza a ƙara masa ƙarfi kafin a baza shi. A 2012 aka ƙara wasu kayan aikin da ke ba da damar dasa alamomi a wurare daban-daban na hoto, kowace da ƙarfin dusashewarta.

Yin aikin da hannu

Mai gyara a kwamfuta yakan fara da ninka hoton ya zama falle biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na sama shi ne mutumin, na ƙasa shi ne bayansa. Asalin hoton kuma a ajiye shi gefe, kada a taɓa.

Mataki na farko shi ne shata iyakar mutumin. A da wannan aikin sa'o'i ne, ana bin gefen riga ɗigo-ɗigo da linzamin kwamfuta. Tun 2018 Photoshop ke da umarnin da ke zagaye mutum da kansa, amma har yanzu sai an bi sawu an gyara. Gefen da aka yanke kada ya yi kaifi sosai. Sassauta shi da ɗigo 1 ko 2 yakan isa.

Mataki na biyu shi ne wanda akasarin masu koyo ke tsallakewa, kuma shi ne ke tona musu asiri. Kafin a dusashe fallen ƙasa, dole a cire mutumin daga cikinsa, a cike gurbinsa da launin abin da ke kewaye. Dalili a fili yake: dusashewa gauraya maƙwabta ce. Idan aka bar mai shuɗiyar shadda a cikin fallen aka dusashe, shuɗin zai malala zuwa bango, sai a ga wani kewaye mai shuɗi-shuɗi ya bi kafaɗarsa da hularsa. Cikon ba sai ya yi kyau ba, tunda mutumin zai dawo ya rufe shi. Abin da ake so kawai shi ne gefe-gefen ya zama launin bango zalla.

Na uku shi ne dusashewar kanta, kuma a nan ne lissafin nisa ke shigowa. Idan hoton daga ƙirji ne zuwa sama, bayan kuma duk yana nesa, ƙarfi ɗaya ya wadatar. Idan kuwa ana ganin ƙafafu, labari ya sha bamban. Ƙasar da mutum ya taka tana nisa ɗaya da shi, don haka dole ta fito fes, ita da inuwarsa da takalminsa. Daga diddigensa ne dishi-dishin zai fara, kaɗan-kaɗan, ya yi ta ƙaruwa har zuwa gindin bango. Ana yin haka da rufi mai tafiya daga baƙi zuwa fari, baƙi yana nufin kada a taɓa, fari yana nufin cikakken ƙarfi. Bango da ke tsaye yana da nisa ɗaya daga gindinsa zuwa samansa, saboda haka ƙarfinsa ba ya ci gaba da hawa. Ya tsaya a kan abin da gindin ya samu. Duk abin da ke jere da mutumin, kujera ce ko babur ko yaron da ya riƙe hannunsa, shi ma ba a dusashe shi. Wanda ya yi sakaci da wannan, ya dusashe komai bai ɗaya har ƙarƙashin takalmi, sai mutumin ya fito kamar sitikar biki da aka manna a jikin bokiti.

Ƙarfin ma yana da iyaka. Tunda ko babban gilashin can mai milimita 85 ba ya wuce sulusin faɗin fuska, babu hujjar a narkar da baya har ya zama launi zalla. Ya kamata mai kallo ya iya gane cewa can zaure ne, can kuma bishiya ce, ko da ba ya iya ƙirga ganye. Yawancin hotunan da suka lalace, zarce ƙima ne ya lalata su. Da an tsaya a rabin ƙarfin da aka sa, da sun wuce ba a gane ba.

Saura abu ɗaya ƙarami. Kowane hoto yana da tsaki-tsakin da sensa ke haifarwa, musamman idan an ɗauka da magariba ko a cikin ɗaki. Dusashewa tana goge shi, sai fuska ta kasance da tsaki-tsaki, baya kuma sumul. Ido yana jin wannan saɓanin ko da bai san sunansa ba. Maganinsa shi ne a mayar wa fallen baya ɗan tsaki-tsaki daidai da na fuskar. Hakan kuma yana hana sararin sama ko farin bango yin layi-layi idan WhatsApp ya matse hoton.

Lokacin da waya ke yi da kanta

Abin da aka bayyana a sama shi ne wayoyi ke ƙoƙarin yi cikin daƙiƙa ɗaya idan aka zaɓi Portrait ko Bokeh a kyamararsu. Suna fara zana taswirar nisa ne, wato hoto na ɓoye da ke nuna yadda kowane ɗigo yake nesa da kyamara, sannan su dusashe gwargwadonta. A 2014 kamfanin HTC ya sa kyamara ta biyu a bayan wayarsa don auna nisa, kamar yadda idanu biyu ke yi. A 2016 Apple ya yaɗa abin da iPhone 7 Plus. A 2017 Google ya nuna a Pixel 2 cewa kyamara ɗaya ma za ta iya, ta hanyar haɗa ɗan bambancin da ke tsakanin rabi biyu na kowane ɗigon sensa da manhajar da aka horar da hotunan mutane masu ɗimbin yawa. Daga nan fasahar ta sauko har kan wayoyi masu araha, irin na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun akasarin mutanen arewacin Zamfara. A 2023 manhajar Lightroom ma ta sami nata, wanda ke ƙiyasta nisa daga tsohon hoton da ba shi da taswira ko kaɗan.

Sai dai yawancin wannan ƙiyasi ne, ba awo ba. Manhajar tana tambayar kanta ne ko wannan ɗigon na mutum ne ko na bango, tana amsawa da abin da ta saba gani.

Inda take tuntuɓe a nan gida

Suturar Hausa tana da abin da ke sauƙaƙa wa manhaja, tana da abin da ke rikita ta. Hijabi da hula su ne mafi sauƙi: gefensu santsi ne, babu silin gashi da ke tashi, wanda shi ne babban ciwon kan masu gyara a wasu ƙasashe. Shi ya sa hoton mace cikin hijabi mai launi ɗaya yakan fito tsaf ko a ƙaramar waya. Mayafi shara-shara kuwa akasin haka ne, domin ana hango baya ta cikinsa. Manhaja ko dai ta bar bangon da ke cikin mayafin fes alhali na gefensa ya dusashe, ko ta cinye mayafin gaba ɗaya. Leshi mai huda-huda, da kunnuwan rawani, da gefen tabarau, da carbin da ke lilo a hannu, da 'yar kafar da ke tsakanin hannu da babbar riga, duk wuraren dubawa ne. Amarya da ta ɗaga hannu don nuna lalle takan sami yatsunta sun dusashe, saboda wayar ta saita fuska ta ɗauki hannun a matsayin wani abu daban.

Launi ma yana da nasa. Farar shadda a gaban farin bango, ko yadi ruwan ƙasa a gaban katangar laka, suna ɓatar da iyaka. Doki ranar hawa ya fi kowa wahala: geza, da wutsiya, da linzami, da tunkun da ke rataye, da mashin mahayi, babu wanda manhajar ke kammalawa. Haka ƙahon rago. Masu tallar raguna ta WhatsApp gab da babbar sallah sun fi cin riba idan suka bar hoton yadda yake, domin mai saye yana auna girman dabba ne da turke da mutumin da ke tsaye kusa da ita, kuma ƙahon da ya narke yana sa shi zargin an ɓoye wani abu. Mai tallar turare ko takalmi ko atamfa shi ne dabarar ta fi yi wa rana.

Hoton jama'a yana buƙatar hattara ta musamman. Idan dangi suka yi sahu biyu ko uku a wurin ɗaurin aure, waya takan zaɓi na gaba ta dusashe na baya, kuma ba abin wasa ba ne a kai wa kawu ko baffa hoton da fuskarsa ta narke alhali ta yara ta fito. A irin wannan, kashe tsarin Portrait gaba ɗaya ya fi.

Rabin waɗannan matsalolin ana kauce musu tun kafin a danna. A janye mutum daga jikin bango mita 2 ko 3, a nemi bayan da launinsa ya saɓa da na tufafinsa, a tsayar da shi a inuwa maimakon tsakar rana, mai ɗauka kuma ya matso. Hazon hunturu ma yana taimakawa: yana rage kaifin launin abin da ke nesa, sai ɗan dusashewa kaɗan ta wadatar.

Zaɓen manhaja

A wannan yanki tambayar farko ba wace manhaja ta fi kyau ba ce, a'a, wacce ce ke aiki ba tare da intanet ba. Wasu, irin su Remini, suna tura hoton ne zuwa kwamfutocin kamfani a yi aikin can a dawo da shi. Suna cin data, suna tsayawa cak idan sabis ya ɗauke, kuma hoton iyalin mutum ya fita daga hannunsa. Mutanen Zamfara sun ga ƙarshen wannan a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Snapseed, wadda Google ya saya a 2012, kyauta ce kuma tana aiki a cikin wayar kanta, sai dai dusashewarta da'ira ce ko layi, ba ta bin gefen jiki sai an haɗa da goga an gyara. A kwamfuta, Photoshop ta koma biyan kuɗi wata-wata tun 2013, abin da ke da nauyi ga ƙaramin shago. GIMP tana yin duk matakan da aka lissafa ba ko kwabo. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da ke son koyon sana'ar zai iya farawa da ita a tsohuwar kwamfuta.

Kafin a kai hoto wanki, a buɗe shi a babban allo. Kuskuren da ba a gani a fuskar waya yana bayyana ƙarara a kalanda ko bana. A tura shi ga mai wanki a matsayin fayil, ba a matsayin hoto na yau da kullum ba, don kada a matse shi.

Inda bai dace ba

Hoton fasfo na takardun makaranta, ko neman aiki, ko biza, yana buƙatar bango fili mai launi ɗaya, galibi fari, kuma hukumomi ba sa karɓar wanda aka yi wa kwaskwarima. Hoton labari ma haka. Manyan kafofin labarai sun haramta ƙara ko cire wani abu a hoto. A 2006 Reuters ta raba gari da wani mai ɗaukar mata hoto saboda ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut. Hoton da za a kafa hujja da shi, na gona ne da ake rikici a kanta, ko na ɓarnar ambaliya, ko na aikin kwangila, darajarsa tana cikin bayan ne.

Akwai masu dusashe baya don tsaro, kada a gane gida ko unguwa, kuma a yankin da ake fama da satar mutane wannan dalili ne mai ƙarfi. Amma dishi-dishin ado ba sutura ba ce. Ɗan gari zai gane hasumiyar masallaci ko tankin ruwa daga siffarsu kawai, rubutu da lambar mota da aka dusashe sama-sama kuma akwai manhajojin da ke iya farfaɗo da su. Wanda ke son ɓoye abu ya yanke shi daga hoton, ko ya shafe shi da launi mai kauri. Ban da haka, fayil ɗin hoto yakan ɗauki bayanin ranar da aka ɗauka, da irin wayar, da ainihin wurin idan an bar GPS a kunne, kuma dusashe baya ba ya taɓa wannan. WhatsApp yana cire shi idan an tura a matsayin hoto, amma yana barinsa idan an tura a matsayin fayil. Saboda haka hanyar da ta fi kyau ga mai wanki ita ce ta fi hatsari ga mai ɓoye wuri.

Wata asarar kuma ba a ganinta sai an jima. Tsofaffin hotunan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, ko na kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ana nemansu ne a yau saboda rumfuna da motoci da gine-ginen da suka fito a bayan mutane, waɗanda mai hoton bai ma yi niyyar ɗauka ba. Hoton da waya ta dusashe tun wurin ɗauka, a wayoyi da yawa ba ya komawa yadda yake. Wasu suna ajiye taswirar nisa su bar mutum ya rage ko ya cire daga baya, wannan ma yakan ɓace da zarar an tura hoton wata wayar. Shi ya sa masu shagon da suka san aikinsu ke ɗaukar kowane muhimmin hoto sau biyu, ɗaya da tsarin a kunne, ɗaya a kashe, su ba mai biki duka biyun.